Yadda Manhajojin Python Ke Ci a Kwano Ɗaya

Hoto mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsawo, kowane ɗigo da launi uku, yana cin bayit miliyan 36 a ƙwaƙwalwar kwamfuta. In manhajar da ta buɗe shi za ta miƙa wa wadda za ta yi lissafi a kansa, hanya mafi sauƙi ita ce a kwafe shi dukkansa. Nan take 36 ta koma 72, ga lokacin da ya salwanta.

Masu aiki da harshen Python sun sha fama da wannan asara, domin manyan kayan aikinsu, irin su NumPy, da harshen C aka gina su, kowanne da tsarin ajiyarsa. A 2006 Travis Oliphant, wanda ya haɗa NumPy, shi da Carl Banks suka gabatar da shawarar sabuwar yarjejeniyar raba bayanai tsakanin manhajoji, wadda ake kira PEP 3118, ta kuma shiga Python 3.0 a 2008. Akwai tsohuwar yarjejeniya kafin nan, sai dai ba ta iya bayyana siffar bayanai.

A sabon tsarin, mai bayanai ba ya miƙa kwafi. Ɗan bayani yake bayarwa: ga inda kayan suka fara, ga yawansu, ga irin lambobin, ga layi nawa da ginshiƙi nawa, ga tazarar da za a tsallaka kafin a kai ga na gaba, sannan ko an yarda a canza su ko karantawa kawai. Wannan tazarar ce ta fi burge ni. Da ita ake juya hoto ko a ɗauki kowane layi na biyu ba tare da an motsa ko bayit ɗaya ba. Duka manhajojin a kwano ɗaya suke ci.

Inda hatsarin yake shi ne mallaka. Idan mai kayan ya share su ko ya ɗauke su alhali wani na karantawa, shirin zai rushe, ko kuma ya fitar da amsar ƙarya ba wanda ya sani, wanda ya fi muni. Shi ya sa dole wanda ya ara ya sanar in ya gama. Kafin nan, duk wanda ya nemi faɗaɗa ma'ajiyar bayit ta bytearray da aka ara, Python za ta hana shi da kuskuren BufferError. Wasu na ganin takura ce. Ni ina ganin gara a tsaya da a lalata lissafi.

Sai a Python 3.12, a 2023, aka ba masu rubutu da Python zalla damar shiga yarjejeniyar. Ƙwaƙwalwar katin zanen kwamfuta kuwa har yanzu tana wajen yarjejeniyar, shi ya sa ake amfani da wata daban mai suna DLPack.