Likitan da gari ya kira maƙiyin jama'a

A 1882 marubucin ƙasar Norway, Henrik Ibsen, ya fitar da wasan kwaikwayo a kan wani likita, Thomas Stockmann, wanda ya gano cewa dattin majema ya gurɓata ruwan wuraren wanka da garinsu ke ci da su. Baƙi na zuwa neman lafiya, su koma gida da cuta. Magajin gari, wanda yayan likitan ne, ya lissafa kuɗin gyara da aƙalla shekara biyu da za a rufe wurin, ya ce a ja baki a yi shiru. Jaridar da ta yi alkawarin mara wa likita baya ta juya masa ƙeya. A taron gari aka kaɗa ƙuri'a aka ayyana shi maƙiyin jama'a, sannan aka farfasa masa tagogi da jifa.

Gaskiyar likita ce a kan ruwan, kuma yawan ƙuri'a bai kashe ƙwayar cuta ko ɗaya ba. Sai dai Ibsen bai wanke gwarzonsa tas ba: da ransa ya ɓaci, ya wuce gona da iri, har ya kwatanta talakawan gari da karnukan da ba su da asali.

Masanin falsafa Sokiratis na Atina ya fi likitan sanin inda zai tsaya. A shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa, majalisar jama'a ta harzuƙa, ta nemi a yi wa kwamandojin yaƙin Arginusai shari'a a dunƙule, don ba su ceto mayaƙan da jiragensu suka nutse ba. Sokiratis, yana cikin masu jagorantar zaman, ya ce doka ba ta yarda ba, ya ƙi sa hannu. Ba a saurare shi ba, aka kashe shida daga cikin kwamandojin.

Bayan shekara bakwai abin ya zo kansa. Alƙalai kimanin 500, talakawan birni, suka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin allolin gari. Ya gaya musu ba zai daina koyarwa ba. Amma da abokinsa Kirito ya shirya masa hanyar gudu daga kurkuku, nan ma ya ƙi. Hujjarsa, a ruwayar almajirinsa Plato, ita ce dokokin Atina sun rene shi shekara 70, ba zai sa ƙafa ya shure su ba ranar da hukunci ya juyo kansa. Ya karɓi ƙoƙon guba ya sha.