Ko Kun Sani? Tarin Fuka da Mazauna Hanji

Ko da yake a huhu tarin fuka ya fi yin ɓarna, masana ilmin ɗibbu sun tabbatar da cewa alamarsa tana bayyana har cikin hanji, inda Allah cikin hikimarsa ya zaunar da ƙananan halittu bila adadin, bakteriya da dangin funfuna, waɗanda suke taya mu narkar da abinci, suna kuma ƙarfafa garkuwar jiki. Mafi yawan sauyin da ake gani a waɗannan halittu daga magani yake zuwa, domin cikin magunguna huɗu da ake fara wa majinyaci a jinyar wata 6, rifamfisin ba ya bambance mai cutarwa da mai amfani, sai ya rage wasu jinsunan bakteriya masu amfani, funfuna irin Kandida kuma, da yake maganin ba ya taɓa ta, takan sami sararin yaɗuwa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Haiti, aka buga a 2017, ya nuna cewa sauyin yakan wanzu fiye da shekara bayan an gama jinya. Amma fa wannan ba hujja ba ce ta yanke magani, domin yankewa kan haifar da tarin da ba ya jin magani.