Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka haɗa gem ɗinka na farko

Wanda ya taɓa riƙe Nokia 3310 a Rano ko Kibiya ya san wasan maciji, wanda Nokia ta fara sakawa a wayoyinta a 1997. Ɗan sakandare mai naci zai iya rubuta irinsa da hannunsa.

Me ya sa za a fara da tsofaffin gem?

Na'urorin wancan zamani ba su da ƙarfi, dole masu haɗa gem suka taƙaita dokoki. Pong na kamfanin Atari, 1972, sanda biyu ne da ƙwallo ɗaya. Tetris kuwa Alexey Pajitnov ya rubuta shi a Mosko a 1984. Mai koyon da ya ce da gem ɗin ƙwallon ƙafa zai fara, yawanci a mako na biyu yake ajiyewa.

Da me za a rubuta?

In waya kaɗai gare ka, nemi manhajar TIC-80. Kyauta ce, tana aiki a Android, kuma da ka sauke ta ba ta ƙara cin data. Launi 16 kawai take bayarwa, ana rubuta umarninta da yaren Lua. Dannawa a gilashin waya akwai gajiya, don haka ɗan kibod da kebul ɗin OTG mai haɗa shi da waya sun cancanci kuɗinsu. Mai laftof ya ɗauki Python da Pygame. Yara kuma Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar bulo.

Yadda macijin ke tafiya

Kowane gem abu uku yake maimaitawa: ya duba maɓallin da ka danna, ya sauya lissafi, ya sake zana allo. TIC-80 tana yin haka sau 60 a daƙiƙa ɗaya.

Shi maciji ba ya ja da ciki kamar yadda ido ke gani. Jerin gidaje ne a allo. A kowane taku sai a ƙara gida ɗaya a kai, a goge ɗaya a wutsiya. Idan ya ci abinci, ba a goge wutsiyar, shi ne tsawon da yake ƙarawa. Idan sabon kan ya faɗa gidan da jikinsa yake, wasa ya ƙare. Kada ka bar shi ya yi taku 60 a daƙiƙa, kafin ka ƙifta ido ya daki bango. Sa shi ya motsa sau ɗaya a kowane zagaye takwas ko goma.

Sai dara

Bayan maciji, ni dara zan ba ka shawara. Gida 30 ne, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Wahalarta ita ce koya wa na'ura ta gane uku sun jeru. Kafin ka taɓa waya, zauna wurin dattawan da ke bugawa a gindin bishiya da takarda da biro, ka ba kowane gida lamba, ka rubuta dokokin yadda suke faɗa, domin na wani gari kan ɗan bambanta da na wani.