Awa biyar a sama, yini guda a hanya: kuskuren maniyyatan yankin Arewa na Nijar kan tafiyar Yamai zuwa Jidda

Tazarar da ke tsakanin Yamai da Jidda ta sama ta kai kimanin kilomita 4,000, kuma da yake jirgin fasinja yakan ci kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, tafiyar takan ɗauki awa 5 da 'yan mintoci idan babu sauka a hanya. Wannan lissafi daidai ne, amma shi ne ke yaudarar maniyyata da yawa daga Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri da Koren Mairuwa, domin abin da ake kira lokacin tashi yana nufin zaman jirgi a sararin sama kawai, bai haɗa da wahalar da ke gabansa da wadda ke bayansa ba.

Maniyyacin da ya baro Dogon Dutsi sai ya yi kusan kilomita 270 a mota ta Doso kafin ya isa filin jirgin Diori Hamani da ke Yamai, inda za a tara su tun awoyi kafin tashi domin awon kaya da duba fasfo, kuma ba abin mamaki ba ne a ɗage tashin har gari ya waye. Bayan sauka akwai layin jami'an shige da fice, da jiran kaya, da motar Makka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen Afirka ta Yamma suka koma yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Mai Umra da ya bi ta Adis Ababa kuwa, zaman jiran jirgi na biyu kaɗai yana iya fin tafiyar kanta.

Duk da haka, kowace shekara sai an ga 'ya'ya sun ɗauki maganin hawan jini ko na ciwon sukari na tsohuwarsu sun cusa shi a ƙasan babbar jaka, tsakanin garin kunu da yaji, sun ɗaure da igiya, wai ai awa biyar ce. Babbar jaka tana shiga cikin jirgi ta wata ƙofa daban, mai ita ba ya sake ganinta sai a Saudiyya, wani lokaci ma sai bayan kwanaki. Wannan sakaci ne tsagwaronsa, kuma laifin na masu rakiya ne waɗanda suka yi karatu, ba na tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgi ba. Magani na aƙalla kwana 3 wurinsa ƙaramar jakar hannu ne, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, da ɗan dabino ga mai sukari. Ya kamata kuma a nuna wa tsofaffi tun daga gida cewa akwai makewayi a jirgi, saboda da yawansu suna ƙin shan ruwa don kunyar tambaya, su sauka a galabaice cikin zafin Hijaz.

Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2, kuma lokutan da ke kan tikiti na garin tashi ne da na garin sauka, saboda haka jirgin da ya bar Yamai ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen 5 na asuba a agogon Jidda, idan tafiyar ta awa biyar ce. Mai shan magani a kan ƙa'ida sai ya tambayi likitansa tun kafin ranar tafiya yadda zai daidaita lokacin shansa da sabon agogon.