Hannu na kan sitiyari, hankali na wajen mai kira

Mun baro Birnin Kebbi da hantsi za mu Jega, mu shida a ƙaramar motar haya. Tun daga tasha direban ya maƙala abin sauraro a kunnensa na dama, ɗan fari mara igiya. Kafin mu kai Kalgo har ciniki ya kankama tsakaninsa da wani a kan kuɗin buhunan albasa. Murya ta ɗaga, lissafi ya ƙi daidaita. Daidai mararrabar da hanyar Bunza ta rabu, wani ɗan kabu-kabu ya kutso da mace da goyo a bayansa. Duk mun gan shi tun daga nesa, ban da mai tuƙin. Sai da wata dattijuwa ta yi salati da ƙarfi sannan ya take birki. Ta ce, "Haba ɗana, ka aje wayar nan mana." Ya ce, "Inna, dubi hannuwana, duka biyu suna bisa sitiyari."

Gaskiya ya faɗa game da hannuwansa, kuma direbobi da yawa a kan wannan hujja suke. Sun ɗauka laifin waya a riƙe ta ne, saboda haka in an sa iyafis, ko an haɗa ta da rediyon mota ta Bluetooth, ko an buɗe hansfiri an ajiye ta a cinya, magana ta ƙare. A cikin garin Gwandu ma za ka ga mai babur ya cusa ƙaramar waya ƙarƙashin hula daidai kunne, yana ratsa lungu yana hira.

A wajen doka dai wannan fahimta ba ta da madafa. Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012 sun hana direba kira ko amsa kira ta kowace irin siga muddin mota na tafiya, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke ce wa 'yan rod sefti, sun sha bayyana cewa abin kunne ma yana ciki. Tarar da aka daɗe da sani naira 4,000 ce. A watan Yulin 2017 har gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa hukumar ta fara tura masu irin wannan laifi a Abuja. Ƙasashe sun bambanta a nan: Ingila ta hana riƙe waya tun 2003 amma ta bar hansfiri, Faransa kuwa ta haramta sa abin sauraro a kunne tun 2015. A ganina tamu dokar ce ta fi kusa da abin da bincike ya gano.

A 1997 wasu masana biyu, Redelmeier da Tibshirani, sun bi bayanan kiran direbobi 699 da suka yi haɗari a Toronto ta Kanada. Suka tarar cewa yiwuwar karo tana ninkawa kusan sau huɗu a lokacin da ake waya, kuma masu hansfiri ba su tsira ba. Wani binciken da aka yi a Perth ta Ostireliya a 2005 ya zo da kusan wannan sakamako, kuma shi ne matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya har yau.

Dalilin yana cikin kai. Ido yana ɗaukar hoto ne kawai, ƙwaƙwalwa ce ke fassara shi ta ce ga raƙumi, ga rami, ga yaro zai tsallaka. A Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, a 2008, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna tuƙin gwaji, aka ga sauraren magana kaɗai ya rage aikin sashen da ke auna wuri da nisa da kashi 37 cikin ɗari. Sauraro ne fa kawai, ba a kai ga mayar da amsa ba, balle gardamar bashi. David Strayer na Jami'ar Utah ya nuna cewa direba mai waya yakan kalli abu sarai amma bai gan shi ba, birkinsa kuma yakan makara. Abin da ya sami direbanmu ke nan. Ba a haɗa taura biyu a baki.

Makarar kuwa da mita ake auna ta. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa mita 11 ne, tsawon ƙananan motoci biyu da ɗoriya. A hanyoyinmu, inda amalanken shanu, garken awaki, ɗaliban jami'ar tarayya da ke gefen Kalgo da manyan motocin shinkafa duk suke raba kwalta ɗaya, mita 11 ita ce tazarar da ke tsakanin tsorata da jana'iza.

Wani zai ce ai direba yana hira da fasinja ma. Haka ne, sai dai fasinja yana ganin hanya. In an zo kwana ko gada yakan yi shiru da kansa, ko ya ce "ga saniya can", kamar yadda dattijuwar nan ta yi. Wanda ke kan layi daga shagonsa bai san an iso mararraba ba, tambayarsa kawai yake jira a amsa.

Na yarda abin kunne ya fi duba saƙo ko latsa lamba sauƙin haɗari, kuma kama mai shi da wuya, tunda jami'in da ke bakin titi ba ya hango cikin kunne. Shi ya sa nauyin ya dawo kan mu da ke cikin mota da mu da ke kira. Ni yanzu in na kira ƙanena na ji ƙugin inji da iska a bayan muryarsa, ba na tsayawa ko gaisuwa. Nakan ce masa, "In ka faka ka neme ni," in kashe.