Dinari, Fulorin da Dukat: Darajar Kuɗin Zinariya Daga Ƙarni na 13 Zuwa na 15

Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya tsayar wa dinari nauyinsa wajen shekarar 697: misƙali guda, wato giram 4.25 na zinariya. Ƙarni bayan ƙarni, dinari da kuɗin Rumawa ne ke riƙe da manyan kasuwannin Bahar Rum, Yammacin Turai kuwa sai ƙananan kuɗin azurfa. A 1252 biranen Jenowa da Fulorans na Italiya suka fara buga nasu kuɗin zinariya, Benis ta biyo baya da dukat a 1284. Fulorin, kuɗin Fulorans, da dukat duk nauyinsu ɗaya, kimanin giram 3.5 na tatacciyar zinariya. Kaso mai tsoka na zinariyar daga Bambuk da Bure na Afirka ta Yamma yake fitowa, raƙuma su ƙetara da shi Sahara zuwa Sijilmasa, daga nan sai gaɓar teku.

Nauyin fulorin da dukat bai cika motsawa ba. Farashinsu da kuɗin azurfa ne ke hawa da sauka. A 1252 fulorin guda soldi 20 ne na ƙananan kuɗin azurfa, amma kafin 1500 ya kai wajen soldi 140. Dalili shi ne hukuma ta yi ta rage azurfar da ke cikin ƙananan kuɗi, tana cika su da tagulla. Wannan algus talaka ya fi shan wuyarsa. Attajirin ulu yana sayar da yadinsa da fulorin, ya biya masu sharce ulu da masaƙa da kuɗin da kullum ke lalacewa. Shi ribarsa na ƙaruwa, su kuwa ladan wuninsu na ƙanƙancewa a kasuwar hatsi.

Ita ma zinariyar takan faɗi idan ta yi yawa. Da Mansa Musa, sarkin Mali, ya yada zango a Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta aikin hajji, shi da ayarinsa sun zubar da zinariya ba kama hannun yaro, kyauta da sayayya. Marubuci Al-Umari ya ruwaito cewa misƙalin da ba ya yin ƙasa da dirhami 25 ya sauko zuwa 22, kuma bayan shekara 12 bai farfaɗo ba.

A Masar ɗin ne aka ga amfanin tsayayyen nauyi ƙarara. Dinarin sarakunan Mamluk ba nauyinsa ɗaya ba, don haka sai ɗan canji ya ɗora shi kan ma'auni kafin ciniki ya faɗa. Dukat kuwa ƙirga shi kawai ake yi, saboda an amince da shi, har ya mamaye kasuwar kayan yaji ta Iskandariya. Ganin haka Sarki Barsbay ya buga sabon dinari a 1425, ashrafi, ya bar misƙalin kaka da kakanni ya ɗauki nauyi kusan irin na dukat.

A ƙarni na 15 Turai ta yi fama da ƙarancin zinariya da azurfa, ga kuɗinta na ta kwarara Gabas wajen sayen barkono da alharini. Fotugal ta nemi zinariyar ta hanyar teku: ta buga kuɗinta, kuruzado, a 1457, ta kuma gina sansanin Elmina a gaɓar Ghana ta yau a 1482. Daga nan wani kaso na zinariyar ƙasar Akan, wadda fataken Wangarawa ke kaiwa arewa, ya koma cikin jiragen ruwa zuwa Lisbon.