Sinja: In gwamnati ta janye, wa zai yashe magudanar ruwa?

Tun da Dokar Jazira ta shekarar 2005 ta ba manomi damar shuka abin da ya ga dama ake ta ja-in-ja a ƙauyukan Hausawa, daga Jazira zuwa Mai Wurno har Sinja, kan inda hannun gwamnati ya kamata ya tsaya.

Masu son a sakar wa kasuwa mara suna cewa tun 1925 hukumar shirin ke tilasta noman auduga, ita ke kwashewa ta sayar. Gaskiya ne. Sai dai da ta janye, laka da ciyawa sun toshe magudanan ruwa, yashe su kuwa ya fi ƙarfin manomi ɗaya.

Dattawa sun fi son a ƙarfafa sarautun gargajiya da Numairi ya rushe a farkon shekarun 1970, ko da yake neman sarauta na cikin abubuwan da suka haddasa rikicin Yulin 2022 a yankin Damazin.

Matasa kuwa takaya suke nunawa, wato girkin unguwa da ke ciyar da jama'a tun ɓarkewar yaƙi a 2023, babu umarnin kowa. Amma tukunya ba ta tsare hanya: sai da sojoji suka ƙwato Sinja daga hannun RSF a Nuwamban 2024 waɗanda suka gudu suka fara komowa.